Na kai ƙanwata mai jego sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga yadda na same su

Da a ce takardar jarrabawa aka miƙo mini in yi maki, bakwai cikin goma zan ba wannan sashe. Likitocinsa sun san aikinsu, akwai kuma wata nas a wurin da har gobe ina sa ta a addu'a, amma tsarin wurin kansa kan gajiyar da mai lafiya, balle wadda ko tashi daga shimfiɗa ya zame mata aiki. Ni malamar Bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata, ba ma'aikaciyar lafiya ba. Ba zan faɗi sunan asibitin ba tunda akwai ƙorafi a maganata. Babban asibitin gwamnati ne irin wanda kowa ya sani, da ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata, sai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa can ta baya kusa da inda ake wanki, inda ake ganin masu zuwa daga gida rana biyu a mako.

Autarmu ce ta zo wankan gida, haihuwar fari. Har aka yi suna lafiya lau take, ko dai a ce ba mu lura ba saboda hidima. Bayan an watse ne muka ga ba ta barci ko da jaririn ya yi barci. A kai mata gasasshen nama da kunu ta ɗan taɓa ta ture. Idan Inna ta kai ta wanka sai a jiyo kuka, ba kuwa don zafin ruwa ba. Jaririn zai yi ta tsala ihu a gefenta tana kallon bango, sai an ce mata "Auta, ɗauke shi mana" sannan ta ɗauka. Inna ta fara cewa kewar miji ce, daga baya maganar ta koma iska. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Ban hana ba, ni ma ina cikin masu tofa mata addu'a. Amma aka yi arba'in babu sauƙi, mijinta ya zo ɗaukarta ta ce ba za ta iya riƙe gida ba. Wani dare ina ninke kayan jariri ta ce da ni, murya ƙasa ƙasa, "Yaya, yaron nan da wata ce ta haife shi da ya fi jin daɗi. Ni da ma in kwanta kada in tashi." Washegari na nemi izini a makaranta.

Shiga wurin shi ne inda suka fi faɗuwa. Kuɗin kati ba wani abu ba ne, bai kai abin da muka ba mai adaidaita zuwa da dawowa ba. Matsalar jira ce. Idan ba ki isa kafin bakwai na safe ba, to ki shirya yin azahar a can. Benci ɗaya ne ga kowa: mai farfaɗiya, tsohon da ya fara ruɗewa, saurayin da 'yan uwa suka riƙo saboda ƙwaya, da mai jego riƙe da ɗan wata biyu. Babu wani lungu da za ta ɓuya ta ba da nono. Mai kiran suna kuma yakan tsaya bakin ƙofa ya kwarara cikakken sunan mutum har da na mahaifinsa, ga hanyar masu zuwa wanki nan kusa. A garin da kowa ya san kowa, wannan kaɗai ya isa ya hana mace dawowa. Lamba kawai za su raba a riƙa kira da ita, ko sisi ba zai ci musu ba.

Da muka shiga wurin likita sai na sauke fushin da na tara. Matashi ne, Hausarsa ras, kuma ya ba mu lokacin da ban zata ba. Ya fara da ni, ya ji abin da muka gani a gida, sannan ya ce, "Malama, ko za ki ɗan ba mu wuri, nas za ta zauna da mu." Na ji wani iri a lokacin, amma daidai ya yi, domin akwai abin da ƙanwa ba za ta faɗa gaban yayarta ba. Daga baya Auta ta ba ni labarin tambayoyin. An bi da ita wata takarda mai tambaya goma da aka tsara a Edinbura ta ƙasar Sikotilan tun 1987 musamman don masu jego, nas tana karantawa tana mayar mata da Hausa. Ya tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin kashe kanta, ko ta tsara yadda za ta yi, ko ta taɓa jin za ta cutar da yaron. Mu a gida tsoron furta wannan muke yi, gani muke kamar an sa mata ra'ayin a kai. Ita kuwa ta ce mini lokacin da aka tambaye ta ne ta ji kamar an sauke mata kaya.

Tambayoyi biyu sun burge ni ƙwarai. Ta farko, ya so ya ji ko a rayuwarta an taɓa yin kwanakin da ba ta barci amma ba ta gajiya, ga surutu, ga kashe kuɗi ba lissafi, ga jin ta fi kowa. Ya ce akwai ciwon da ke ɗaga mutum sama ya kuma dawo da shi ƙasa, wanda idan aka ba mai shi maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura shi, don haka dole a tantance tun farko. Ta biyu ita ce ta kunun kanwa. Ya tambayi yawan wanda take sha, ko ƙafafunta na kumbura, ko numfashi na yi mata wuya idan ta kwanta, ya kuma saurari ƙirjinta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan ciwon zuciyar da ke kama matan Hausawa bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Mace mai wannan ciwo ita ma kasala take yi ta kasa komai. Likitan da ya tuna da wannan alhali a sashen ƙwaƙwalwa yake zaune, ya san mutanen da yake dubawa. Ya rubuta gwajin yawan jini da na tayirod, wannan halittar ta gaban wuya da idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo, domin takan rikice bayan haihuwa ta kawo alamomi irin na damuwa. Na jini an yi a nan. Na tayirod sai da muka fita ɗakin gwaji mai zaman kansa, kuma shi ya fi komai cin kuɗi a duk jinyar. Duka sun fito lafiya, sai ɗan ƙarancin jini.

Bayanin da ya yi mana gajere ne. Yawancin masu haihuwa kan yi 'yan kwanaki na saurin kuka da ɓacin rai, ya wuce da kansa cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka, ya hana ci da barci da jin daɗin komai, ya cika mace da ganin laifin kanta, shi ne ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na samun matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, akasari wannan ciwon. Na tuna yawan sunan da nake zuwa a shekara, na yi shiru.

Maganin da ya rubuta shi ne wanda ake rubuta Sertraline a kwalinsa, miligiram 50, ƙwaya ɗaya da safe. Nan rigima ta tashi a gida. Inna ta ce ba za a ɗura wa jikanta maganin mahaukata ta nono ba. Na kira lambar da nas ta ba ni, ta ce in zo da Inna. Likitan ya miƙe ya gaishe ta, ya ce, "Hajiya, ke ce likitar gida, sai da ke za mu yi aikin nan." Ya gaya mata an zaɓi wannan maganin ne saboda abin da ke shiga nono daga cikinsa kaɗan ne ƙwarai, ba ya sa maye, kuma ba na kwantar da mutum ya yi ta barci ba ne. Bai ce a daina addu'a ba, bai yi wa rubutu ba'a ba. Abu ɗaya ya roƙa, kada a haɗa da wani jiƙo ko garin magani ba tare da an nuna masa ba, a kuma rage kanwa. Inna ta fito tana cewa yaron nan yana da tarbiyya, daga ranar ita ke miƙa wa Auta ƙwayar da hannunta.

Ya gargaɗe mu cewa wahalar maganin kan riga amfaninsa zuwa, haka kuwa aka yi. Makon farko tashin zuciya da ciwon kai da ɗan gudawa, babu wani sauƙi da muka gani. Ba don an faɗa mana sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin canji ba, da mun watsar. Barci ne ya fara dawowa, sai cin abinci. Walwala ita ta zo ƙarshe, can wajen mako na shida, ranar da na shigo na tarar tana yi wa yaron wasa tana ja masa ƙafa ba wanda ya sa ta.

Da yake karatun kimiyya ne sana'ata, na bi sawun abin da aka ba ta. A 2018 mujallar Lancet ta buga wani babban nazari da Andrea Cipriani na Jami'ar Oxford ya jagoranta, wanda ya tattara gwaje-gwaje 522 kan magungunan damuwa 21, da mutum fiye da 116,000. Duka magungunan sun fi ƙwayar wofi, wato wadda ba magani a cikinta, aiki, sai dai ratar ba ta da girma kamar yadda mutum zai zata. Wani binciken na Amurka mai suna STAR*D, da aka fitar a 2006, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke warkewa sarai da maganin farko, sauran sai an ƙara ko an canza. Ke nan Auta tana cikin masu sa'a. Likitan farko ya faɗa mana kusan haka, ya ce idan bai karɓe ta ba akwai wani. Amma wani likitan da muka tarar daga baya ya ce mata wai wani sinadari ne mai suna sirotonin ya ƙare a kanta, maganin yana cika shi. Wannan bayani ya tsufa. Wani nazari da Joanna Moncrieff da abokan aikinta suka fitar a 2022 bai sami tabbatacciyar hujja cewa ƙarancin sirotonin ne ke kawo ciwon ba. An yi ta muhawara a kan nazarin, amma ko masu sukarsa ba su ce abin mai sauƙi ne haka ba. Maganin yana taimaka wa mutane da yawa, yadda yake yi ne har yanzu ake bincike. Na fi son a gaya wa marar lafiya haka da a ba ta labarin da za ta karanta a waya ta ga an ƙaryata, ta jefar da maganin gaba ɗaya.

Sai Sista, nas ɗin da na ambata tun farko. Dattijuwa ce, ta kusa ritaya. Bayan an fito daga wurin likita takan ja Auta gefe kan wani benci a bayan ofis, ta karɓi jaririn ta saɓa a kafaɗa, su yi ta magana. Ba wa'azi take yi ba. Ƙananan ayyuka take ba ta: gobe ki fito tsakar gida da hantsi ki zauna kan tabarma ko na minti goma, jibi ki yi wa kanki kwalliya ko ba inda za ki, ki kira ƙawarki ɗaya. Ita ta tsara mana rabon dare, Auta ta shayar bayan isha'i ta kwanta, Inna ta riƙe yaron a ɗakinta har tsakar dare, domin ta samu barci a jere. Idan Auta ta ce ita ba uwar kirki ba ce, Sista ba ta cewa "haba, daina faɗin haka". Sai ta ce, "To 'yata, wa ya yi masa wanka yau? Wa ya gane kukan yunwa ne ba na ciwo ba?" Takan kira ta a waya da katinta, ba na asibiti ba.

Abin da matar nan ke yi da basirarta, bincike ya daɗe da tabbatar da shi. A Pakistan, Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da matan da ke aikin lafiya gida gida a karkarar Rawalpindi su riƙa irin wannan zama da masu ciki da masu jego, sakamakon ya fito a 2008, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi littafin horo. A Zimbabwe, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su riƙa irin wannan zama da masu damuwa kan benci a harabar ƙananan asibitoci, gwajin da aka buga a 2016 ya nuna masu zama da su sun fi samun sauƙi. Nan gida ma Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci gwaji a ƙananan asibitocin jihar Oyo, inda masu awon ciki da karɓar haihuwa suka samu horo suka kula da matan da ke da wannan ciwo, kuma kusan bakwai cikin goma suka warke. To ga ƙorafina babba. A sashen nan wannan ba tsari ba ne, halin kirkin mace ɗaya ne. Babu masanin halayyar ɗan'adam, babu ranar da aka ware don zaman magana, babu wata ƙaramar nas da ake koya wa. Ranar da Sista ta ajiye aiki, abin da zai rage takardar magani ce kawai.

Zuwan da ke biyo bayan na farko kuwa, sai a hankali. Kusan kullum sabon likita, minti biyar, "Ya jiki? Kina barci? Ci gaba da magani." Akwai ranar da aka nemi fayil ɗinta aka rasa, aka buɗe sabuwar takarda, ta sake ba da labari daga farko ga wanda ba ta taɓa gani ba. Daga nan na sayi ƙaramin littafi ina rubuta sunan magani da adadinsa da abin da kowane likita ya ce. Ba na ganin laifin likitocin sosai. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, waɗanda ake da su ma suna ta ficewa waje. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma a kan bencin nan ban ga alamarta ba tukuna. Ɗakin maganin asibitin ma sau da yawa babu Sertraline, sai a ce a je waje. A kemis kowane wata kwali daban, kamfani daban, farashi kuma gaba yake yi. Wani yaron kemis har ce mini ya yi in bar wannan mai tsada in sayi Diazepam, ai duk na kwantar da hankali ne. Ba ɗaya ba ne. Wancan na sa barci, jiki na sabawa da shi, yana iya sa jariri mai shan nono kasala, kuma ba ya maganin damuwa.

Abu biyu kuma ba wanda ya taɓo. Ba a taɓa cewa a zo da mijinta ba, alhali gidansa za ta koma, kuma shi ma a ruɗe yake, yana zaton ko ta daina son sa ne. Ni na zaunar da shi na yi masa bayani iya sanina. Na biyu, bayan ta koma ɗakinta ta raɗa mini cewa sha'awarta ta ragu. Wannan sananniyar illa ce ta irin wannan magani, amma babu likitan da ya tambaya, ita kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa namiji ba. Sai da na kai maganar wurin Sista.

Wani abokin aikina ya turo mini labarin sabon maganin da Amurka ta amince da shi a Agustan 2023, Zuranolone, ƙwayar da ake ba masu damuwar bayan haihuwa, ana sha kwana 14 kacal kuma yana fara aiki cikin 'yan kwanaki. Na tambayi likita, ya yi dariya ya ce ya karanta amma bai taɓa riƙe shi a hannu ba. Lokacin da ya fito a 2023, kuɗinsa a can ya kusa dala dubu 16. Mu dai a ba mu wanda ake da shi kada ya yanke.

Yanzu Auta tana gidanta, ta koma ɗinkinta, yaron har ya fara rarrafe. Tana kan magani, domin sun ce ko an ji sauƙi sai an ci gaba aƙalla wata shida, wani lokaci har shekara, sannan a riƙa ragewa a hankali. Tsayarwa farat ɗaya na kawo jiri da rashin barci, ciwon kuma na iya dawowa. Da azumi ya zo suka mayar mata da shan ƙwayar lokacin sahur. Sun kuma ce idan ta sake samun ciki ta sanar tun a awon farko, saboda wadda ta taɓa yi ta fi kusa da sake yi.

Zan tura wata wurin? Zan tura, na ma riga na tura. Ta je da sassafe, ta je da wadda za ta riƙe mata jariri ta kuma yi magana idan bakinta ya yi nauyi, ta nemi nas ɗin da ta fi daɗewa a sashen. Wadda garinsu babu irin wannan sashe, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da nasu. Amma idan mai jego ta fara jin muryoyi, ko ta ce jaririn ba nata ba ne, ko ta kwana biyu ba barci tana sambatu, ko ta ambaci kashe kanta, wannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne. Likitan ya ce irin wannan ruɗewar kan sami mace ɗaya ko biyu cikin dubu, yawanci a makonnin farko bayan haihuwa. A kai ta sashen gaggawa a ranar, kada a bar ta ita kaɗai da yaron, a kuma kwashe magunguna da fiya-fiya daga ɗakin.